Bakan Gizo Na Leda

"Rafiu, dube ni da kyau. Ɗaya bakin igiyar nan, a gidan wa ka ɗaure shi?"

Zaratu na tsaye a saman benen gidansu, hannu a ƙugu, iska na neman raba ta da mayafi.

"Iska ce, zumata..."

"Iska ce ta hau benen su Basiratu ta yi ƙulli?"

Rafiu kafinta ne a unguwar Anloga. A kan katako yana da hankali, nan ne ma hankalin nasa ya ƙare. Tun yana ƙarami yake haɗa kayit, abin nan na leda da tsinken tsintsiya da yara ke saki a iska, ya girma abin bai sake shi ba. Shi ya sa mahaifin Zaratu, Alhaji Abdulmumini mai shagon darduma a unguwar Adum, ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga ƙato mai wasan yara ba. Wata da watanni ta yi tana lallashi kafin ya yarda a zo neman aurenta yau bayan la'asar.

Da wani saurayin ne, da goro zai zo, da kawunsa. Rafiu ya zo da goro, da kawu, da kayit jingim jere a igiya ɗaya, sun tashi sun lanƙwasa a kan Zango kamar bakan gizo. Ƙafa ɗaya a gidan su Zaratu. Ɗayar a gidan Basiratu, wadda ta daɗe tana kai masa shinkafa da wake wurin aiki ba tare da ya yi oda ba.

"Ki saurara, hasken idona. Abin ba ya tsayawa sai ya gitta wa iska. Na auna ko'ina, benensu ne kaɗai ya yi daidai..."

"Ka auna iska. Ka auna bakin mutanen Zango?"

Can tsallake Basiratu ta fito cikin leshinta na Sallah tana ɗaga wa jama'a hannu, kamar wadda ta ci zaɓe.

"Ei, jama'a! Kun gani? Har gida ya kawo mini!"

Titi ya ɗauki guɗa. Wani direban trotro, motar haya, ya tsaya tsakiyar hanya, fasinja suka leƙo.

"Kwance shi!" in ji Zaratu.

"In na kwance..."

"Rafiu, ka kwance, ko ni in kwance kaina daga maganar nan!"

Sai ga tari a matakala. Alhaji ya hauro da carbinsa, ya dubi sama, ya dubi tsallake, sannan ya dubi yaron da ya riga ya durƙusa.

"Kai ne mai neman aure?"

"Ni ne, Baba."

"To, igiyarka na gida biyu. Wanne ka zo nema?"

Zaratu ta rufe ido. Shi ke nan, ta ce a ranta, leda ta cinye ta.

Rafiu ya miƙe, ya nufi bakin bene, ya buɗe murya irin ta mai magana a kan ƙarar injin zarto.

"Zaratu nake so! Zaratu kaɗai! Wancan gidan ƙarfen benensu kawai na ara!"

Guɗa ta koma dariya. Hannun Basiratu ya sauko a hankali. Ta shiga ɗaki, ta fito da wuƙar yanka albasa.

Ƙet!

Bakan gizo ya karye. Igiyar ta yi fizga har ƙullin da ke wannan gefen ya fara zamewa, Alhaji kuwa shi ne kusa. Ya cafke, carbi ya faɗi. Maimakon su zube, sai kayit ɗin suka juya suka bi iska, suka miƙe sama layi guda, tun daga hannun Alhaji har inda ido ke gajiya.

"Baba, kawo in karɓa..." in ji Rafiu.

"Matsa can!" Alhaji ya ɗan saki, ya ɗan ja, da gwanintar da ba a koya a shagon darduma. "Wa ya ce maka haka ake yanka jelar kayit? Ta yi gajarta. Mu a zamaninmu..."

"Baba!" in ji Zaratu.

Kawu Idirisu, kawun Rafiu, ya hauro yana haki, rungume da ƙwaryar goro.

"Alhaji, tun ɗazu muke zaune a ƙasa. Maganar yaran nan fa?"

"Ajiye nan, na karɓa. Ba ka ga hannuna babu sarari ba? Kai, yaro, akwai sauran igiya?"

"Akwai, Baba!"

Zaratu ta dubi mahaifinta, ta dubi mijin da aka ba ta yanzun nan. Duka biyun kansu na sama, baki a buɗe.

"Rafiu."

"Na'am, zumata?"

"Ko sau ɗaya ka dube ni, an ba ka ni fa."

Ya juyo, idonsa cike da hawaye, ya buɗe baki zai yi magana.

"Igiya, yaro!" in ji Alhaji. "Iska za ta wuce!"