Hannun Gem na Adila

Ruwan kogi ya riga ya zagaye unguwarsu a gefen Hadejia lokacin da Fatihu, mai gyaran waya, ya ɗauko 'yar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba. Makaranta a rufe take, ƙwallin 'yarsa Adila kuma ta ishe shi da ƙorafin zaman gida. Ya jona kwamfutar da talabijin da batirin sola, ya danne maɓallin hannun gem mara waya har fitilarsa ta fara ƙiftawa. Magariba ta kawo kai, matarsa Hajo tana cewa ya bari a yi salla, amma mutumin naka kunnen ƙashi gare shi.

Kwamfutar ta shiga laluben abin da ke kusa da za ta haɗu da shi. Abu biyu ta gano, ɗaya ba suna. Ko bisimilla babu, ya karɓe su duka.

Sai duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Adila ta miƙe ƙiƙam, ido a kafe. Ya tura maɓalli hagu, ta yi hagu. Ya saki, ta tsaya. Ya zare batirin hannun gem, numfashinta ya ɗauke, ya yi maza ya mayar, numfashin ya dawo. Suka ɗauke ta za su fita, a bakin zaure ta sandare, ta fi ƙarfin maza. Maƙwabta suka tsere a kwalekwale, ruwa kuwa yana ta hawa dokin ƙofa. Tsoro ya hana Hajo ko kuka.

Washegari da hantsi Malam Badamasi, mai ruƙiyya, ya iso daga Guri a kwalekwalensa. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Ni ban shigo da ƙarfi ba. Ambaliya ta cinye mazaunina cikin ciyawar kachala, ina raɓe a katanga, ubanta ne ya nemi na kusa, ya karɓe ni."

"To an sallame ka. Fita, don girman Allah," in ji Malam.

"In tafi ina? A bar mini gidan. Kada wanda ya sake kwana a ciki."

Gidan gado ne, a nan aka binne cibiyar Fatihu. Ya dubi ɗakin mahaifinsa, ya dubi 'yarsa.

"Na bar maka," ya ce.

Fitilar hannun gem ta mutu, Adila ta sulale jikin uwarta.

Sai a tsakiyar ruwa ta buɗe ido cikin kwalekwalen Malam.

"Baba, yaushe za mu koma gida?"

Fatihu ya karɓi filafili daga hannun Malam, ya ci gaba da tuƙi.