Gilashin Da Aka Fasa A Cikin Gajimare

Naushi na biyu ne ya fasa wa Anwar baki.

Gizlan tana gani jinin ya fantsama a kan farin fiffiken jirgin, ya gangaro ɗis... ɗis... yana ɗiga a simintin rumfar jirage.

"Yaya Diris! Don girman Allah ka sake shi!"

Ko waiwayowa yayan nata bai yi ba. Ya shaƙe wuyan rigar Anwar, matuƙin da ke koya mata tuƙin jirgi, ya maka bayansa da jikin jirgin har ƙarfen ya yi ƙara.

"Minti arba'in!" Ya ɗaga littafin da take rubuta duk tashin da ta yi, yana kaɗa masa a fuska. "Minti arba'in a cikin gajimare, da ƙanwata! Ga sa hannunka nan, ɗan iska!"

"Si Diris, saurare ni..." in ji Anwar, yana kiransa da laƙabin girmamawa.

"In saurare ka? Kai ka je ɗauko gawar ubanmu a kan dutsen Tasemit? A buhu muka sauko da shi! A buhu!"

Ya hankaɗa shi ƙasa. Kafin Gizlan ta ƙaraso ya ɗora takalminsa a kan hannun daman Anwar, ya murza.

Ƙarar ƙashin ta ji har cikin haƙoranta.

Anwar bai rama ba. Ya dai dunƙule, yana haɗiyar ihu, idanunsa a kanta.

"Barewata... kar ki yi kuka..."

"Sake kiran ta haka ka gani!"

Can bakin ƙofa Nabil yana tsaye da kofin shayin na'ana'a, yana kurɓa a hankali. Abokin Diris ne tun yarinta, ɗan wannan kulob na masu ƙananan jirage, kuma sau biyu yana aiko mahaifiyarsa gidansu Gizlan da sukari da furanni na neman aure, sau biyu ana mayar da ita da haƙuri. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane wanda ya zaro littafin daga akwatinta.

"Kai ne ko? Munafuki!"

"Ni ɗin banza?" Ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai na ce wa ɗan'uwana ya lura. Mutumin da in gari ya yi garau sai ya zauna shan shayi, in hadari ya haɗo sai ya ruga ya kunna inji... ai wannan ba lafiya ba."

Abin da ake faɗa ke nan a garin Bani Malal. Sauran matuƙa masu jiran rana ne. Ran Lahadi in sama ta yi shuɗi su tashi, su zaga madatsar ruwa, su ɗau hoto, su dawo cin gasasshen nama. Anwar kuwa gajimare yake jira. Kuma kafin ya shiga sai ya zagaya jirginsa yana shafa shi da yatsa, rami bayan rami, har ana yi masa tsiya wai ango ya zo gaida amarya.

Shekara takwas da rasuwar Baba a hatsarin jirgi cikin hazo, Anwar ne mutum na farko da ya ce mata, "Ba gajimare ne ya kashe shi ba, ruhina. Jikinsa ya gaskata ya bar allurar agogunan jirgi. A can ciki jiki maƙaryaci ne."

A ranar ta mare shi.

Bayan wata shida ta roƙe shi ya koya mata.

Yanzu ga shi kwance cikin jini saboda ita. Ta sunkuya ta zaro makullin jirgin daga aljihunsa.

"Gizlan... a'a... ba ki zagaya..."

Ba ta ji ba. Ta shure katakon da ya tare taya, ta faɗa kujerar hagu, ta murza makulli. Farfela ta yi tari sau biyu ta kama.

Diris ya fizge ƙofar dama ya faɗo ciki rabin jiki.

"Kashe shi! Fito nan kafin in karya ki!"

"Ka fita, ko ka ɗaura bel."

"Ke! Ni kike gaya wa haka?"

"Wallahi tafiya zan yi, Yaya. Shekara takwas kana dukan mutane a kan abin da ba ka taɓa gani ba. Yau za ka gan shi!"

Ta tura mai. Jirgin ya zabura ya fice daga rumfar, dole ya janyo ƙafarsa ya ja ƙofa. Ya kai hannu zai kama sitiyarin gabansa.

"Taɓa shi mu mutu tare, Mama ta binne biyu!"

Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta.

Ta gefen ido ta hango Nabil ya yar da kofi, yana bin su a guje, yana ɗaga hannuwa yana ihu. Ta ɗauka borin kunya ne. Ta miƙe kan titin jirgi, ta ba shi wuta duka.

Gonakin zaitun suka yi ƙasa.

"Mahaukaciya! Sauke ni!"

"Ka karya masa hannu! Me ya yi maka? Me ya yi maka, Yaya?"

Hawaye ya rufe mata ido. Kafin ta goge, duniya ta ɓace.

Fari fat. Ba ƙasa, ba sama, ko ƙarshen fiffike ba ta gani. Iska ta ɗaga su ta yar, kan Diris ya bugi rufi, littafin ya tashi ya daki gilashi.

Ta mayar da ido kan agogunan gabanta, kamar yadda aka koya mata.

Ta sake dubawa da kyau.

Agogon tsayi yana nan inda yake tun suna ƙasa. Ko motsi. Agogon hawa da sauka ya kafe a sifili. Allurar gudu kuwa sai ja da baya take, tana sauka... tana sauka... kamar jirgin zai tsaya cak ya rikito.

Ta danna hancinsa ƙasa don ya samu gudu. Inji ya ɗau kuka, iska na kururuwa a jikin ƙofa.

"Mene ne? Gizlan, mene ne?"

"Allurai sun mutu..."

"Innalillahi! Haka Baba ya..."

"Yi min shiru!"

Kuma Tasemit yana nan wani wuri a cikin farin nan, yana jira.

Rediyo ya yi ƙara. Murya ta fito a daƙile, ta bakin da ya kumbura.

"Barewata. Kina ji na?"

"Anwar! Ba na ganin komai! Agogo ya..."

"Na sani. Jiya da aka wanke jirage Nabil ne ya liƙe ƙaramin ramin gefe don kar ruwa ya shiga. Bai sa jan salatif ba, mai garai-garai ya sa, kuma bai cire ba. Ga shi nan yana kuka, wai tsorata ni ya so yi." Ya ja numfashi. "Ramin da nake shafawa kullum, hasken idona. Ta nan agogunan suke shaƙar iska."

Diris ya ƙame. Ta ga launin fuskarsa ya sauya.

"Kalli agogon tsakiya, mai shuɗi da ƙasa-ƙasa. Shi bai mutu ba. Me ya ce?"

"Ya ce... ya ce na karkata hagu, hanci a ƙasa. Amma wallahi jikina yana ce min daidai nake!"

"Ƙarya yake miki. Miƙe fiffike. Ɗago hanci a hankali. Juya yamma, dutse yana gabas da ke."

Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Duk gaɓoɓinta suna rantsuwa cewa kifewa take yi. Ta bi allurar.

"Si Diris yana kusa?"

Diris ya ɗauki abin magana. "Ina... ina ji."

"Akwai agogo a ƙasa ta dama, mai allura a kwance. Fasa gilashinsa."

"In fasa? Kai mahaukaci ne? So kake ka kashe mu ka rama?"

"Da zan rama, ba da ita a ciki ba. In ya fashe iska za ta shiga ta nan, sauran su farfaɗo. Fasa shi!"

Ya lalubi aljihu, ya lalubi ƙarƙashin kujera. Babu ko ƙusa. Iska ta sake maka su gefe.

"Yaya, don Allah!"

"Ai kana da hannu, Si Diris," in ji muryar. "Ni shaida ne."

Diris ya dunƙule hannun nan.

Ya kai naushi. Gilashin bai ko tsage ba.

Ya sake. Fatar yatsunsa ta dare.

"Ya Allah!" Ya yi ƙaraji, ya saki na uku da duk ƙarfinsa.

Tas!

Jini ya wanke masa hannu har agogon wuyan hannunsa. Allurar tsayi ta yi tsalle, ta zagaya, ta tsaya tana rawa. Gizlan ta karanta lambar. Da ta ƙara rabin minti hanci a ƙasa...

"Sun tashi! Anwar, sun tashi!"

"Alhamdulillah... To hau, ruhina. Hau kawai, kar ki kalli taga."

Ta hau. Farin ya fara yin haske, ya koma ruwan zinariya, sai kawai ya yage.

Rana!

Shimfiɗar gajimare ta miƙe har iyakar gani, fara sol, lumui kamar ba ita ce ta gama jijjiga su ba. Can gabas kawunan duwatsu sun leƙo da ƙanƙara a kansu. Jirgin ya daina ko girgiza. Ƙaramar inuwarsa tana bin su a ƙasa, da zoben bakan gizo kewaye da ita.

Diris ya ƙura ido ta taga. Jini na ɗiga a wandonsa.

"Wannan..." muryarsa ta karye. "Wannan Baba yake zuwa nema?"

"Shi ne, Yaya."

Ya kifa kansa a jikin taga, ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Anwar ne ya yi ta ba ta hanya, har suka samu inda gajimaren ya yage a kan gonakin lemo, ta zuro ta nan ta dawo ƙasa-ƙasa. Saukar ba ta yi kyau ba, sau uku taya na dukan titi tana tashi. Ba wanda ya yi mata tsiya.

Farfela ba ta gama tsayawa ba Diris ya dira. Ya zagaya gefen jirgin, ya lalubo salatif ɗin da farce, ya ɓanɓaro shi. Ɗan mitsitsi, bai kai kan yatsa ba.

Nabil ya zube a gabansa. "Ɗan'uwana, wallahi ban san ita za ta..."

Mari ɗaya ya kai shi ƙasa. Diris ya ɗaga ƙafa.

"Bar shi, Si Diris." Anwar ne, jingine da ƙofar ɗakin rediyo, hannunsa naɗe da tsumman goge mai. "Jandarma suna hanya. Jinin yau ya isa."

Gizlan ta ruga, ta tsaya taku ɗaya a gabansa, ta kasa taɓa shi saboda idon mutane.

"Ban zagaya ba..." ta ce cikin kuka. "Ka ce in zagaya, ban ji ba..."

"Kin dawo. Sauran duk mai sauƙi ne, barewata."

Ya ankara da abin da ya faɗa, ya kalli Diris da sauri.

Diris ya tako a hankali. Ya dubi karyayyen hannun Anwar, ya dubi nasa da gilashi ke soke a ciki.

"Mota ɗaya za ta kai mu asibiti," ya ce, bai iya haɗa ido da shi ba. "Ka yafe min in za ka iya."

"Ka biya min gilashina tukuna."

Dariya ta kuɓuce wa Diris, hawaye na bin ta.

"Ran Juma'a ka turo iyayenka. Mama za ta yi kuskus. Ku zo da sukarinku, ba za a mayar da shi ba."

Bayan wata huɗu aka shafa fatiha, ango da yayan amarya kowa da tabo a hannun dama.

Har yau in hadari ya haɗo a kan Tasemit, mutum uku ake gani a bakin rumfa. Biyu su shiga gaba. Na ukun, Diris, ba ya yarda a kunna inji sai ya zagaya jirgin da kansa, ya sunkuya, ya shafa ɗan ramin nan da yatsansa mai tabo.

Ba kuma wanda ya isa ya kira shi ango.