Wa Ya Ɗaga Sirdin?

Ranar da ta fara shigowa shagonsa ko sallamarta bai amsa da kyau ba, don yana durƙushe yana fama da sarƙar wani tsohon keke. Sai da ta ce, "Malam, keke nake so wanda zan iya ɗauka," sannan ya ɗago. Yana ɗagowa kuwa sifana ta suɓuce masa ta faɗa cikin kwanon baƙin mai.

Injiniya mutanen layin suke kiransa, ko da yake duk injiniyancin a kan keke ya ƙare. Ita kuwa malamar gona ce, sabuwar ɗauka. Ta yi masa bayani tana lanƙwasa yatsu: rabin hanyarta kwalta ce, rabi burji da 'yan turbobin cikin gonaki, ga yashi ga tsakuwa. Sannan a bene suke zaune, kullum sai ta ɗauki keken ta hau matakala ashirin da biyu da shi.

Ta nuna wani siririn keken tsere mai sheƙi. Ya ce wannan ɗan gayu ne, tsakuwar farko zai zubar da ita ya zubar da kansa. Ta nuna wani ƙato mai taya kamar ta babur. Ya ce ta ɗaga shi ta gani. Ta kama, ta yi nishi, ta sake shi tana harararsa kamar shi ya ƙera. Sai ya shiga ciki ya turo wani ruwan toka, firam ɗinsa, wato gangar jikinsa, na alminiyam, taya ba siririya ba ba mai kauri ba, kan keken a miƙe yadda za ta zauna ba tare da ta duƙa ba, ƙarfen tsakiya kuma a kwance ƙasa don kada ya kama mata doguwar riga. Ya ce wannan ruwa biyu ne, kwalta tasa, burji nasa. Da hannu ɗaya ta ɗaga shi, ta yi dariyar da ta ƙarasa bawan Allah.

Bai bar ta ta tafi ba sai da ya saita mata sirdi. Ya sa ta hau, ya ce ta ɗora diddige a feda, ya tsuguna ya duba gwiwarta, ya sauke kaɗan, ya ƙara ɗagawa. Sau uku. Da ya gamsu sai ya jawo durowa ya fiddo kwalbar jan farce, ya zana ɗan layi a jikin ƙarfen sirdin daidai inda ya shige cikin firam.

"Injiniya, jan farcen na wace ce?"

Kunya ta kama shi har wuya. Ya rantse mata na aiki ne. Haka yake yi wa duk keken da ya fita daga hannunsa, don ko an taɓa sirdin, da ganin layin an san tsayin mai shi.

Daga ranar keken nan bai ƙara lafiya ba, in dai ta bakin mai shi ce. Yau birki na ƙara, gobe ƙararrawa ta shaƙe, jibi tana jin wani abu a giya amma ba ta san mene ne ba. Shi kuma, munafuki, sai ya kifa keken ya yi ta juya taya rabin sa'a yana girgiza kai kamar babban likita. Mai walda na gefensu ya ce tunda yake bai taɓa ganin sabon keke mai yawan jinya haka ba.

Saƙonta na farko da ba na gyara ba ya shigo ne da hantsi: "Injiniyana, yau na wuce motoci shida a cunkoso, na kuma haura tudun gonar rake ban sauka ba. Kai na tuna a saman tudun."

Ya goge hannu sau biyu kafin ya rubuta: "Malamata, ki riƙa sauya giya tun kafin tudu. Kuma ki sani tun da kika shigo shagon nan ban ƙara ɗaure noti ɗaya da hankalina ba."

Wata bakwai suna haka kafin ya je gaida mahaifinta da maganar aure. Ya same shi zaune a kujerar falo, jarida a kan cinya, kuma har aka gama bai tashi ba. Tsohon ya saurare shi tsaf. Sannan ya ce shi ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya, shekara talatin yana raba wasiƙu a kan wani baƙin keke mai nauyin tsiya, ana ruwa ana rana, har gwiwoyinsa suka tashi aiki.

"Na tuƙa keke ne don 'yata ta hau mota," in ji shi. "Ba ni da abin faɗa a kan halinka, yaro. Amma ba zan ba ta mai keke ba."

Ashe akwai wanda tsohon yake so, ɗan amininsa, wani dogo mai farar mota. Injiniya ya sauko matakalar nan ashirin da biyu ya koma shago.

Malama ta daina zuwa shago, amma ba ta daina rubutu ba. Ta ce ya yi haƙuri, Baba zai sauko, ita ba ta da kowa sai shi. Duk safiya yakan tambaye ta keken, don ta nan kaɗai ya iya tambayar ko har yanzu yana da wuri a ranta. Kullum amsar ɗaya: yana nan lafiya, a kansa ta je aiki.

Ranar wata Talata da safe ta rubuto: "Ina kansa yanzu haka, nawa. Iska na kaɗa ni, ina jin kamar kai ke tura ni."

Azahar ba ta yi ba farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Dogon ya fito, ya buɗe but ɗin motar, ya fiddo keke ruwan toka. Ya ce taya ce ta yi faci, a duba, na gidan surukansa ne. Surukansa! Injiniya ya haɗiye kalmar da ƙyar, ya karɓi keken. Idonsa bai je kan tayar ba. Kan ƙarfen sirdi ya faɗa.

Jan layin nan ya haye sama, yana tsaye shi kaɗai, yatsa huɗu cur tsakaninsa da firam.

Mutum na iya yi wa Injiniya ƙarya, amma shi a tunaninsa keke ba ya ƙarya. An ɗaga sirdi saboda dogon mutum. An bar giya a mafi nauyi, inda ƙafar Malama ba ta taɓa iya murzawa ba. Tayar baya ta cinye fiye da yadda nauyin Malama zai cinye ta. Ya dubi keken, ya dubi ƙafafun mai farar mota, ya auna su da ido kamar yadda ya saba. Lissafin ya fita daidai. Keken da ya haɗa mata da hannunsa, ta ba wani yana yawo a kai, ita kuma tana rubuto masa wai iska na kaɗa ta.

Ya yi facin, don hannu ya riga ya saba. Da motar ta tafi ya zauna a kan benci ya rubuta: "Na ga keken. Na ga wanda kika ɗaga wa sirdi. Allah ya ba ku zaman lafiya." Ya tura, ya toshe lambarta, ya kife wayar.

Wayyo, wata ukun da suka biyo baya! Injiniya ya rame har wandonsa na aiki ya koma neman igiya. Mutumin da ke jin ciwon keke tun daga bakin layi, sai ga shi ya ɗaura wa wani birki a baibai. Mai walda ya yi tsokana ya gaji, ya koma lallashi, ya ce ko dai ya kira ta sau ɗaya ya ji ta bakinta. Ya ce me zai ji, bayan ya gani da idonsa? Yayarsa ta zo ta zauna masa a shago yini guda tana kawo masa sunayen 'yan mata, shi kuwa yana ta goge sifana ɗaya. Sau biyu Malama ta zo. Da ya hango ta daga nesa sai ya shige ciki ya ce wa mai walda ya ce ba ya nan. Yana jin muryarta tana cewa to, a gaishe shi. Ya jingina da bango a bayan tarin tayoyi ya yi kuka kamar ba namiji mai gemu ba. Yana sonta, son bai ragu ko ƙwaya ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Wata safiya inuwa ta rufe masa ƙofar shago. Ya ɗago ya ga wani dogon tsoho riƙe da keke ruwan toka, kansa na neman taɓa rufin. Sai da ya kalli fuskar sosai ya gane ta. Mahaifin Malama ne. Bai taɓa ganinsa a tsaye ba.

Ya yi maza ya ba shi benci, ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya zauna yana murza kan keken. Ya ce ranar da Injiniya ya bar gidan ya ƙwace keken ya kulle a sito, ya sa dole ɗan amininsa ya riƙa kai ta aiki. Ita kuma ta ɓoye wa Injiniya don kada ransa ya ɓaci. Bayan sati tsohon ya shiga sito zai matsar da shi, ya tattara ƙarfinsa kamar yadda ya saba da nasa na da, sai keken ya taso masa a hannu kamar kwando. Ya tsaya yana mamaki. Ashe ana yin keke haka? Washegari da ta tafi aiki ya saukar da shi, ya ɗaga sirdi, ya ce bari ya zaga layi sau ɗaya. Sai da ya kai bayan gari. Gwiwar da yake kuka da ita ko ƙorafi ba ta yi ba. Tun daga nan kullum sai ya fita a ɓoye, ya mayar kafin ta dawo. Da taya ta yi faci kunya ta hana shi kawowa, ya aiko ɗan amininsa.

"Ni ne dogon, yaro," in ji shi. "Uwarta ta nuna mini saƙonka tun a satin. Na gane sarai abin da ya faru, na yi shiru. Wata uku ina kallon 'yata tana tsintar abinci kamar kaza, na kasa cewa ni mai zagin keke ni ke sace shi ina hawa. Jiya ta kawo mini ruwa, na ga zobe na juyawa a yatsarta. Ka yafe mini. In har kana sonta, ka zo."

Injiniya ko shago bai rufe ba.

Ya same ta a baranda tana shanya kaya. Ta rame, idanun sun yi zuru-zuru. Ta dube shi ba ta yi murmushi ba. Ya fara bayani, jan layi, yatsa huɗu, giya, taya, ta ɗaga masa hannu.

"Na yi maka ƙarya, ban musa ba. Ƙarya ɗaya, don kada ka ji ciwo. Kai kuma ka tambayi sirdi, ka tambayi taya, ni ce kaɗai ba ka tambaya ba."

Ya tsuguna a gabanta da hannayensa masu baƙin mai ya ce ya yi kuskure, ta hukunta shi yadda ta ga dama, amma kada ta ce ya tafi. Ta juya masa baya ta ci gaba da shanya. Riga ɗaya ta shanya sau uku. Can ta ce ya tashi kada maƙwabta su gani, kuma ya je ya ci abinci, ya zama kamar sanda.

Mai farar mota bai ja ba, da ma ya gaji da kai mace aiki tana kallon taga. Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Tsohon ya haɗa hannayensu cikin nasa, ya buɗe baki zai yi doguwar nasiha, sai ya taƙaita. Ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su haƙurin tambayar juna. Kowa ya amsa da amin, har mai walda da ke share ido yana cewa hayaƙi ne.

Washegari da hantsi, suna zaune a sabon ɗakinsu, ta miƙo masa wayarta. Ta ce lokacin da ya toshe ta ba ta daina rubuta masa ba, saƙo arba'in da ɗaya, ko ɗaya bai isa gare shi ba. Ya karɓa ya fara karantawa. Na farko tambaya ce, wane sirdi, wane mutum? Na tsakiya rantsuwa da roƙo. Wasu faɗa ne zalla, wasu layi ɗaya ne kawai, ka ci abinci? Na ƙarshen ta rubuta shi ne kwana ɗaya kafin mahaifinta ya je shago:

"Injiniyana, yau na daina jiranka. Na gaya wa zuciyata, ta ce to. Amma in ka zo, ina gida."

Ya kasa ɗago kai. Hawaye ya ɗiga a kan gilashin wayar. Ta zare ta daga hannunsa a hankali, ta goge da gefen mayafinta, ta jingina kanta a kafaɗarsa.

"Ka zo ai," ta ce. "Ya isa haka, mijina."

Allah ya bar su tare, ya sa kukan nan shi ne na ƙarshe.