Farin Fenti a Hanyar Malam Mai Gora

La'asar sakaliya Faruƙ ya ɗauki gwangwanin farin fenti da buroshi, ya fita daga Tama zuwa tsauni. Kibiya ɗaya ta rage masa ya zana.

Shekara shida ya yi a Faransa yana shara a wani masauki na masu ziyarar ƙafa. Turawa ne da sanduna, suna bin sawun wani tsohon mai ibada ɗan ƙasar Ailan da ya ratsa ƙasashensu tun zamanin da yana kafa gidajen bauta. Alama suke bi a jikin duwatsu, ba mai ɓata. Abin ya shiga ran Faruƙ. Ya dawo gida yana cewa ai mu ma muna da namu, Malam Mai Gora, waliyyin da ya sauko daga tsauni ya zauna Tama, ya bar tarin duwatsu a wuri bakwai a hanya. Sai ya shiga zana kibiya a kowane tari don masu ziyara.

Sai dai mutanen Tama ba haka suke bin hanyar ba. Duk wanda ya wuce tari, da baya yake tafiya, yana share sawunsa da reshe. Faruƙ ya kira wannan ƙauyanci.

Kawunsa Kalla ya tare shi a bakin gari.

"Ɗana, Malam ba ziyara yat taho ba, biyo shi anka yi. Duwatsun nan ɓadda sawu na. Mi kaka son nuna ma wa?"

Faruƙ ya yi dariya. Wanda ya ga Turai, wa zai koya masa hanya? Ya wuce, ya bar matarsa Raihana tana yi wa jaririyarsu wanka a tsakar gida.

Tari na bakwai shi ne mafi kusa da gari. Ya durƙusa ya ja kibiyar, bakinta na kallon Tama. Rana ta faɗi. Daga nesa ladan ya fara kira, sai muryar ta yanke a tsakiya.

Gyare suka yi tsit.

Wani wari ya taso, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Sai ya ji ƙas, ƙas, tsakuwa na motsi daga sama. Ba ƙafa biyu ba ce, ba kuma huɗu ba. Suna tsayawa, su ci gaba, kamar masu duba alama.

Numfashi mai sanyi ya taɓa masa ƙeya.

"Sannu da aiki," aka raɗa masa. "Mun daɗe muna biɗa. Ina gidan?"

Bai waiwaya ba. Gabansa fitilun Tama ne, kuma ya san wadda ke ƙofar Raihana. Tsoro ya kama shi, ba don kansa ba.

Ya kife gwangwanin a kan kibiyar, ya damalmale ta da tafin hannunsa na dama.

"Ba komi," in ji muryar. "Kai ma alama na."

Ya dubi hannunsa. Fari fat, yana haske cikin duhu.

Ya juya wa gari baya ya ruga daji. Ƙaya ta yage masa ƙafa. Ƙas, ƙas, suna biye, ba gaggawa. Da asuba makiyaya suka tsince shi kusa da Babankatami, ba ya iya magana.

Kalla ya sa aka kankare kibiyoyin duka. Fentin hannun Faruƙ ne ya ƙi fita, sabulu da toka da kananzir duk an gwada. Inda ya kwana biyu, magariba ta uku sai a ji tsakuwa na motsi a bayan gari.

Shi ya sa ba ya kwana uku wuri ɗaya. Daga Bouza zuwa Keita, daga Keita zuwa Madaoua, da ƙafa, hannu naɗe da tsumma. Tama ce kaɗai ba ya shiga.

Yarinyar ta shekara huɗu yanzu. Ran kasuwa Raihana kan kai ta bakin gari, ta nuna mata wani mutum can kan tudu. Yakan ɗaga hagu ya gaishe su, sannan ya koma da baya yana share sawunsa.