Ɓarawon Hoto

Ya shigo shagon buga allunan talla da tsohuwar jarida a hannu, gumi bai gama bushewa a rigarsa ba. Koci ne, sati biyu da buɗe ɗan gidan motsa jikinsa a saman wani kantin taya.

"Wannan hoton za ki faɗaɗa min, mita uku," ya ce wa budurwar da ke gaban kwamfuta. "A ƙasa ki rubuta: Zo ka zama kamarsa."

Ta duba. Dogon Zango ne, tsohon zakaran tsere, a ranar da ya ci kofinsa na farko. Kwanan nan sunansa ya sake tashi, da ya kammala tseren kilomita goma yana ɗan shekara sittin da biyar.

"Ka nemi izininsa?"

"Ina zan gan shi? Irinsu ai sai a talabijin."

"Yana gida yana gyaran famfo. Babana ne."

Koci ya nemi kujera ya zauna. Ita kuwa dariya ta yi har sai da ta dafa tebur.

Ita ta kai shi gida. Tsohon ya saurare shi da sifana a hannu, ya yarda, amma da sharaɗi.

"Ba na son ƙarya a ƙarƙashin fuskata. Ba mai zama kamata a wata uku. Rubuta: Fara yau."

Allo ya hau, mutane suka cika wurin har ana layin keke. Koci kuma ya tsiri zuwa shagon kullum, yau katin shaida, gobe takardar dokoki, jibi gyaran waƙafi.

Wata safiya ta tura masa saƙo: "Ɓarawon hoto, waƙafin nan lafiyarsa ƙalau. Faɗi abin da ke kawo ka."

Ya amsa: "Mai Izini, wani izinin nake nema. Wannan karon ba na hoto ba ne."

"Sai ka nema a inda ka nemi na farko."

Da maganar ta isa gaban tsohon, bai yi murmushi ba. Dama mai babban gidan motsa jiki na bakin titi ya yi sallama sau biyu, yana son ɗiyar, yana kuma son hoton.

"Ni za su aura ko ke?" ya tambaye ta. "Gaya musu duka na janye fuskata. Mu ga mai dawowa."

"Baba, wurin Koci bai yi ƙwari ba."

"Shi ya sa."

Na bakin titi bai sake leƙowa ba. Koci kuwa a ranar ya ari tsani, ya kwance allon da hannunsa. Kwana biyu tana jiran kiransa, shiru. Ta bi ta wurin ta ga bango fayau.

Ta rubuta: "Ka sauke Baba. Ni ma ka sauke ni ke nan?"

"Baba yana naɗe a bayan ƙofa, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Kunyar zuwa nake, kada a ce roƙo na zo. Ke kuwa babu tsanin da zai kai inda na ɗora ki."

Ta karanta sau uku, sannan ta amsa: "Daɗin baki. Ka ci abinci?"

Samarin da suka zo don ɗaukar hoto da allo suka watse. Sati shida Koci yana buɗewa ƙarfe shida, yana goge injina, yana horar da mutum tara kamar su ɗari ne. Ranar Juma'a yakan je ya gaida tsohon, ya riƙe masa tocila a ƙarƙashin famfo, ya tafi bai ambaci allo ba.

Wata Litinin ya ji takun mutane a matakala, a hankali, ana hutawa. Dogon Zango ne, bandeji a gwiwa, da abokansa bakwai masu furfura da tumbi.

"Ba talla na zo ba," in ji shi. "Gwiwa ce. Waɗannan kuma likita ne ya tsorata su. Ina keken?"

Ya hau, ya murza na minti biyar, sannan ya ce ba tare da ya juyo ba: "Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure tsofaffin nan bakwai suka hau matakalar gidan motsa jikin ba wanda ya tsaya hutu, suna ta yi wa juna gori. Tsohon ya miƙa wa ango wani abu a naɗe. Sabon allo ne, amarya ce ta ɗauki hoton: shi a kan keke, furfura da bandeji da komai. A ƙasa an rubuta: Fara yau.

"Ka ɗora. Suruki ba ya neman izini."

"Yana nema, Baba," in ji amarya.

Koci ya juyo gare ta. "Mai Izini, a ɗora?"

Ta ɗan ja masa rai, sannan ta gyaɗa kai.

Tsohon ya haɗa hannayensu. "Aure dogon zango ne, kada wanda ya tsere wa wani. Allah ya ba ku numfashi mai tsawo, ya albarkaci gidanku."

Aka ce amin.