Tafiyar da Ake Dawowa

"Kar ki tafi! Anti, don Allah kar ki tafi!"

Shalele ta ƙanƙame ƙafata a tsakiyar falonsu tana ihu. Ni kuwa abin da na ce kawai, gobe zan yi tafiya, kwas ɗin malamai na kwana uku.

Shekararta biyar. 'Yar ajina ce, kuma 'yar Injiniya, mutumin da zan aura wata mai zuwa. Bara mahaifiyarta ta rasu.

"Mene ne abin kuka, Shalelen Baba?" na tambaye ta.

"Mami ma tafiya ta yi... har yau ba ta dawo ba!"



Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sau nawa ta ja mini hijabi a aji, "Anti, yaushe Mami za ta dawo?" ni kuma in ce, "Ta kusa"? Ni da na yi shekara huɗu ina karanta tarbiyyar yara! Tun ranar da kakarta Hajiya ta ce duk mai son shiga gidan nan ta iya bakinta, na zaɓi aurena, na bar yarinya tana gadin taga.

"Ku ba ta alewa," in ji Hajiya. "Yaro me ya sani?"

"Ta sani, Hajiya," na ce. "Mu ne muka ƙi sani."

"Iye! Tun ba ki shigo ba? To ki faɗa mata, ki ga in akwai aure!"

Na dubi Injiniya. Ya sunkuyar da kai.

"Masoyina... in ma ba za a yi ba, ni dai na gama yi mata ƙarya."

Ya ɗago kai. Sannan ya durƙusa a gaban 'yarsa.

"Shalele, Mami ba tafiya ta yi ba. Ta rasu. Wanda ya rasu ba ya dawowa."

"Don na ƙi cin abinci ne?"

Wayyo Allah! Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan shekara guda.

"A'a! Ciwo ne, ba laifinki ba ne," na ce. "Ki yafe mini, na yi miki ƙarya."

Ta yi kuka, babanta ya yi, ba wanda ya ce a yi shiru. Hajiya ta shige ɗaki. Can sai ga ta da hoton Mami da ta ɓoye a ƙasan akwati. Ta ajiye a cinyar jikarta, ba ta kalle ni ba.

"Ke kuma ki dawo ranar da kika ce," ta faɗa. "Kar ki ƙara mata wani jiran."

Rana ta uku, tun kafin in ƙwanƙwasa, ƙofa ta buɗe.

"Baba! Anti ta dawo!"

Injiniya ya fito yana murmushi, idonsa jawur.

"Amaryata, sannu da zuwa."

Shalele ta riƙe hannuna gam. "Zo ki ga Mami. Mun sa ta a bango."