Faɗuwar Sailuba a Bakin Fadama

Awon ciki na raka jikata Sailuba, ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Mijinta ya ƙetara Benin da kaya, sai ni.

Sailuba tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. Ƙwaya ɗaya take sha kullum, kuma ta daɗe ba ta faɗi ba. Da ciki ya shiga, ungozomar asibitin ta ce a daina, wai za ta lalata ɗan. Ba muguwa ba ce, har ruwan sanyi take ba ni. Abin da ta sani ke nan. Munka daina.

Ran nan layi ya yi tsawo, sai gab da magariba munka taso. Mai kabu-kabu ya ɗauko mu hanyar ƙauyenmu Geza, ya ce mu sauka bakin fadama ya tura babur, ruwa ya ci hanya.

Nan Sailuba ta yi ƙara ta faɗi.

Yana ganin kumfa a bakinta ya ja baya. A wurinmu an ce wanda miyan nan ya taɓa ya ɗauka. Ya juya babur. Na kira shi da sunan uwarsa, bai waiwayo ba.

Tana ta fizga, kanta na gangarawa wajen ruwa. Na kama zane, ƙarfina bai kai ba.

Kwaɗi sunka yi shiru gaba ɗaya.

Sai warin laka, irin ta ƙasan gulbi. Shinkafar da ke cikin fadamar ta rabe biyu. Wata mace ta fito, doguwa, ruwa na zuba daga gashinta. Tafiya take cikin ruwa, ruwan bai yi ƙara ba.

Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba. Bakina ya nemi addu'a ya rasa.

Ta durƙusa. Ta juya Sailuba a kan gefenta, ta tallafe kan.

Na ce, "Ki sake min ita."

Ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Tsohuwa, wanga ciwo ba namu ba ne. Ku ke ɗora mana."

"To me kike nema?"

"Jira nake."

Ta dubi gashin Sailuba. Saura kaɗan ya taɓa ruwa.

"Abin da ya faɗa ruwa, shi ne namu."

Na rungumi ƙafafun yarinyar na ja. Na ja da baya, da gwiwa, har tudu. Matar ba ta hana ni ba. Tana dai kallo.

Da Sailuba ta farfaɗo ta ce, "Kaka, wa ya jiƙa min wuya?"

Na ce raɓa ce.

Washegari na kai ta babban asibiti. Likita ya yi faɗa, ya ce da ciki ma ba a yanke maganin haka kawai, ya canza mata wani. Na je na gaya wa ungozomar. Ta ce ba wanda ya taɓa koya musu. Na yarda da ita. Batun matar ban faɗa ba.

Sailuba ta haihu, ɗiya mace. Ba ta zuwa rijiya, ba ta zuwa fadama. Ni ke ɗebo ruwa da tsufana, ni ke wanke jaririya. Ina gamawa nake kife baho, don wani lokaci ruwan yana motsi ba wanda ya taɓa shi.